Gwal a cikin ciwon daji: muhawarar da Bilki ta tayar a zauren unguwa

Bilki Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda na dawo hutu ake tare ni da tambaya ɗaya, wai karatun me nake yi a waje da shekara uku ba ta ishe shi ba. Jiya da na je gaishe da Baba Alhaji shi ma ya ɗora tasa, na ce masa zan amsa a nan kowa ya huta. Hoton da na turo yanzu, wannan ɗan curin mai duhu a tsakiya, ciwon daji ne. Amma ba a jikin kowa yake ba, ni na raine shi a ɗakin gwaji. Girmansa bai wuce ɗigon bakin biro ba. Aikina in zuba masa ƙurar ƙarfe irin su gwal, wadda ido ba ya gani, in kai shi a yi masa gashi, wato a haska shi da haske mai ƙarfi irin na eksire kamar yadda ake yi wa masu ciwon a asibiti, in duba ko ƙurar ta sa gashin ya fi cin sa.

Ɗan Rimi:
Tsaya tukuna ƙanwata. Gwal dai gwal? Wanda muke aunawa da giram a kasuwa?

Baba Alhaji:
'Yata, ban da abinki, mutane na gudun daji ke kuma kina kiwonsa kamar kaza. Allah ya tsare. Ki bi da mu a hankali, da Hausar da tsoho zai gane.

Maman Walida:
Bilki don Allah ni tambayata ta gaske ce. Yayar mahaifiyata ce ke fama da na bakin mahaifa, likita ya ce sai an yi gashi. Tun da ta ji kalmar ta ce ita ba tsire ba ce da za a gasa ta. Sati uku ke nan muna lallashi. Wannan abin naki zai sa a daina gashin ne?

Bilki Gwammaja:
Anti, Allah ya ba Inna lafiya. A'a, ba zai sa a daina ba, kuma kada ku jira shi, bai iso inda za a yi mata amfani da shi ba. Abin da muke nema shi ne gashin ya fi ƙarfi a cikin ƙarin kansa ba tare da an ƙara wa naman da ke kewaye wahala ba. Amma kafin in shiga nawa, Nas Hauwa ta fi ni sanin yadda ake yi wa mutum.

Nas Hauwa:
Maman Walida, kalmar nan ta gashi ta cuce mu wallahi. Babu wuta, babu garwashi. Mara lafiya za ta kwanta a kan gado, na'ura ta zagaya ta, mintoci kaɗan ta tashi, a lokacin ba za ta ji komai ba, kamar ɗaukar hoton ƙirji. Ana yi kullum daga Litinin zuwa Juma'a, yawanci sati biyar, sannan a na bakin mahaifa akan ƙara da wanda ake sakawa ta ciki. Wahalar tana zuwa ne daga baya: gajiya, gudawa, zafin fitsari, fatar wurin ta yi duhu. Duk ana ba da magani. Gashin kanta ba zai zube ba saboda shi, tunda ba kai ake haskawa ba. Kuma idan ta dawo gida za ta iya ɗaukar jikokinta, hasken ba ya bin ta. Abin da na fi jin tsoro shi ne sati ukun nan da kuka ce. Wannan ciwon ba ya jiran lallashi.

Malam Fiziks:
Bari in sa baki kan gwal ɗin, tunda ɓangarena ne. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoton eksire, tsoka kuma ta fito toka-toka? Saboda ƙashi yana da kalsiyam, lambarsa a jadawalin sinadarai 20, tsoka kuwa galibinta ruwa ce, lambarta a dunƙule ba ta kai 8 ba. Duk sinadarin da lambarsa ta fi girma ya fi shanye hasken, kuma ba ninki ɗaya ba, abin yana hauhawa sosai. To gwal lambarsa 79. Hafniyam 72, gadoliniyam 64. Idan hasken ya bugi ƙwayar gwal, sai ta feso ƙananan ilektaron a kewayenta, su kuma su farfasa ruwan da ke cikin ƙwayar halitta ya zama guba mai yanka DNA, wato zaren da ke ɗauke da umarnin rayuwar ƙwayar. Dama kusan kashi biyu cikin uku na ɓarnar da eksire ke yi wa ƙwayar daji ta hanyar ruwan nan yake yi. Ilektaron ɗin ba sa tafiya nesa, a nan kusa suke ƙarewa. Don haka in gwal ɗin yana cikin ƙari, ƙarin ne zai sha.

Ɗan Rimi:
Malam na gane. Amma ta yaya gwal zai shiga allura? Narka shi ake yi?

Bilki Gwammaja:
Yaya, ba narkawa irin ta maƙera ba. Ana haɗa shi ne daga gishirin gwal a cikin ruwa, har ya fito ƙwayoyi masu girman nanomita 2, ko 15, ko 50. Nanomita ɗaya shi ne ka raba milimita gida miliyan. Silin gashin kai ɗaya kaurinsa ya kai nanomita dubu 80. In gwal ya kai wannan ƙanƙanta, ba ya ma yin ruwan gwal, ja yake komawa kamar zoɓo. Michael Faraday ya haɗa irinsa a Landan tun 1857. Kuma kai ma ka sha riƙe shi a hannunka: jan layin nan da ke fitowa a tsinken gwajin maleriya ko na ciki, yawanci ƙurar gwal ce.

Ɗan Rimi:
Tabɗi. Ashe a kemis ma ana sayar da hajarmu ba mu sani ba.

Injiniya Kabuga:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku daɗin hira. Ana ta kai wa yake ta kaya? Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, na'urorin gashin da ke aiki a lokaci guda ba su taka kara sun karya ba. Ni da kaina na kai mahaifina wata jiha, muka kama ɗaki, aka yi masa kwana tara na'ura ta tsaya, muka zauna jiran injiniyan da zai zo daga waje. Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya na 2022 ya ce sama da mutum dubu 127 suka kamu da daji a Najeriya a shekarar, kusan dubu 80 suka rasu. Kusan rabin masu ciwon nan suna buƙatar gashi. A wannan halin za a zo mana da labarin ƙurar gwal? A fara gyara wuta da na'ura tukuna.

Baba Alhaji:
Injiniya, Allah ya jiƙan Malam. Maganarka da gaskiya a ciki, amma ka bar yarinya ta ƙarasa.

Bilki Gwammaja:
Yaya Injiniya ban musa ko ɗaya ba, zan dawo kanta. Bari in fara faɗin me ya sa nake kiwon dajin, kamar yadda Baba ya ce.

A da, kuma har yanzu a wurare da yawa, ana shuka ƙwayoyin daji ne a shimfiɗe a gindin faranti, layi ɗaya kamar an baza gero a tabarma. Kowace ƙwaya tana samun abinci, tana samun iska, in ka zuba magani kowace ta sha. A haka kusan komai aiki yake yi. Ni kaina shekarar farko na yi ta murna, na zuba ƙurata a faranti, aka haska, ƙwayoyi suka mutu fiye da waɗanda ban zuba wa ba. Har na fara ganin kaina a jarida. Sai malamata ta ce, to je ki gwada a curi.

Curin nan ba wuya ne da shi ba. Kana hana ƙwayoyin manne wa gindin faranti ne, sai su rungumi juna su dunƙule. Wasu ma ɗigon ruwa suke ratayawa a jikin murfi a kife, ƙwayoyin su taru a ƙasan ɗigon. A ajiye a inkubeta mai zafin jikin mutum, digiri 37, cikin 'yan kwanaki ya zama ƙwallo. Wani masani Robert Sutherland ne ya fito da tsarin a Kanada a farkon shekarun 1970, kuma dama don nazarin gashi ya yi shi. Da na gwada ƙurata a kansa, na yanka shi na duba a madubin likita, sai na tarar duk ta maƙale a bayan curin, tsakiyar ko ɗigo.

Ku tuna marinar Ƙofar Mata. In aka ɗaure yadi tamau aka tsoma a baba, waje ya yi shuɗi, inda aka ɗaure ya fito fari fat. Su marina abin da suke so ke nan, shi ne adon. Ni kuwa farin nan shi ne asarata, domin a nan ne ƙwayoyin da suka fi taurin kai suke zaune.

Maman Walida:
Me ya sa na tsakiya suka fi taurin kai? Ni da na ɗauka su ne za su fi galabaita tunda ba sa samun abinci.

Malam Fiziks:
Hajiya, tambayarki ita ce zuciyar maganar. Iskar oksijin ba ta iya ratsa nama fiye da kamar kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita daga jijiyar jini. Wasu masana biyu a Ingila, Thomlinson da Gray, su suka nuna haka a 1955 a dajin huhu. Gray ɗin nan shi ne aka sa wa ma'aunin gashi sunansa, in kin ji likita ya ce za a ba ta Gray 2 kullum. Can tsakiya sosai ƙwayoyin mutuwa suke yi, shi ne duhun da kika gani a hoton Bilki. Amma tsakanin matattu da masu ƙoshi akwai wani layi, suna raye, iska ba ta ishe su ba, sun lafe ba sa haihuwa. Gashi yana buƙatar oksijin kafin ɓarnar da ya yi wa DNA ta tabbata. In babu iskar, sai an ninka hasken kusan sau uku kafin a yi musu irin illar da aka yi wa na waje. Shi ya sa ma ake rarraba gashin kwana-kwana: yau a kashe na waje, iska ta samu hanyar shiga, gobe na ciki su zama na waje. In aka tsaya a tsakiyar hanya, waɗanda suka rage sai su farka su hayayyafa.

Injiniya Kabuga:
Wato abin da ya faru da mu ke nan. Babu wanda ya taɓa yi min wannan bayanin sai yau.

Nas Hauwa:
Shi ya sa a na bakin mahaifa ake so a kammala komai cikin sati takwas. Maman Walida, in za ku fara ku shirya kuɗin masauki da na abinci na duk kwanakin tun daga farko. Na ga waɗanda suka ji sauƙi a sati na uku, jini ya tsaya, suka tattara suka koma gida.

Ɗan Rimi:
Ni fa har yanzu lissafi nake. Gwal nawa mutum ɗaya zai ci?

Bilki Gwammaja:
Yaya za ka yi dariya. Gwajin da ya buɗe wannan fagen shi ne na James Hainfeld da abokansa a Amurka a 2004. Sun yi wa ɓeraye masu daji allurar ƙurar gwal mai nanomita 1.9, suka haska su. Bayan shekara guda kashi 86 cikin ɗari na raye, waɗanda aka yi wa gashi zalla kuwa kashi 20 ne suka kai. Duniyar masana ta ɗauka. Amma yawan da suka bayar ya kai giram 2.7 a kowane kilo na nauyin jiki.

Ɗan Rimi:
Mutum mai kilo 60 ke nan giram 162. Innalillahi. Ƙanwata wannan ai ya fi gwal ɗin lefen 'yar gwamna. In mara lafiya ya rasu magada sai sun yi shari'a kan gawar.

Admin:
Ɗan Rimi a kiyaye harshe, akwai masu jinya a zauren nan.

Ɗan Rimi:
Afuwan jama'a, Maman Walida ki yafe ni. Baki ne ya kubce.

Malam Fiziks:
Akwai ma wata matsalar bayan tsada, kuma ita ce ta fi damuna. Hasken da Hainfeld ya yi amfani da shi mai ƙarfin kilobolt 250 ne. A wannan matakin gwal yana shan haske ƙwarai. Amma na'urar asibiti ta zamani, linak, tana aiki ne da megabolt 6 zuwa sama, tsohuwar na'urar kobalt ma ta haura megabolt ɗaya. A can sama bambancin gwal da tsoka raguwa yake yi sosai. In ka bi lissafin fiziks zalla, ƙarin da za a samu kaɗan ne. Sai ga shi a gwaje-gwaje ana ganin ƙwayoyi na mutuwa fiye da yadda lissafi ya nuna. Wato ba fiziks kaɗai ke aiki ba, ƙurar tana taɓa sinadaran cikin ƙwayar ma. Ni a matsayina na malamin fiziks abin yana min ciwo, amma haka yake. Bilki, da wace na'ura kike haska naki?

Bilki Gwammaja:
Malam ka kama ni. Da ƙaramar ta ɗakin gwaji nake yawancin aikin, mai kilobolt. Linak sai an gama da marasa lafiya da yamma ake ba mu aron ɗan lokaci. Kuma gaskiyarka, a can sakamakon ba ya kai na ƙaramar kyau. Duk takardar binciken da na ɗauka yanzu, abu biyu nake fara dubawa: a faranti aka yi ko a curi, kuma da wane haske. In faranti ne da kilobolt, ina karantawa ne kawai don ladabi.

Ustaz Na'ibi:
Salamu alaikum. An turo min tambaya ta gefe, wai ya halatta a sa wa namiji gwal a jiki? Haramcin da ya zo kan maza na ado ne. Magani babinsa daban. Hadisin Arfaja ɗan As'ad sananne ne, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi: an yanke masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Da shi malamai suka kafa hujjar ɗaure haƙori da zinare. Ni abin da ya fi tsaya min shi ne naman da ake rainon. Na waye? Ya sani?

Bilki Gwammaja:
Allah ya saka da alheri Malam. Tambayar nan tana da tarihi mai ɗaci. Ƙwayoyin dajin ɗan Adam na farko da suka rayu a ɗakin gwaji ba tare da ƙarewa ba, na wata baƙar fata ce 'yar Amurka, Henrietta Lacks. An ɗebe su daga bakin mahaifarta a asibitin Johns Hopkins a 1951 ba tare da an tambaye ta ba. Ta rasu a shekarar, ƙwayoyinta kuwa har gobe ana aiki da su a duniya, da su ma aka fara auna yadda eksire ke kashe ƙwayar mutum a 1956. Iyalanta sun yi sama da shekara ashirin ba su sani ba. Yanzu doka ta canja, sai mara lafiya ya sa hannu, kwamitin ɗa'a ya amince.

Baba Alhaji:
To ai mu Kanawa ba sai an ba mu labarin Amurka ba. Muna nan a 1996 lokacin annobar sanƙarau aka yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan da yara kusan 200 a garin nan, kusan rabinsu aka ba shi, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a sasanta. Abin da ya biyo baya kun sani, har rigakafin shan inna mutane suka ƙi a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannan ga Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka mutu da gubar dalma wajen niƙan dutsen gwal. Yanzu ki zo ki ce wa mutumin ƙauye za a sa masa ƙurar ƙarfe da allura a cikin daji, alhali tun kakanni ana cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe.

Nas Hauwa:
Baba wannan maganar ta daji ba ya son allura ita ke kawo mana mata nono ya riga ya fashe. An yi wata shida ana shafe-shafe da hayaƙi. In an zo a makare aka taɓa, mutum ya rasu, sai a ce allura ce.

Bilki Gwammaja:
Baba, dalilin da ka kawo shi ne ya sa nake ganin curin nan yana da daraja. Kusan tara cikin goma na magungunan da suka kai matakin gwaji a kan mutane faɗuwa suke yi, na daji ma sun fi haka. Da yawansu a faranti sun yi kyau, a ɓera sun yi kyau. Duk wanda curi ya kayar tun a ɗakin gwaji, an hutar da wani bawan Allah daga zama abin gwajinsa. Ƙurata ta farko da ta maƙale a waje, gara da ta ba ni kunya a gaban malamata da a ce a jikin mahaifiyar wani ta yi. Na Zamfara kuwa dalma ce ta yi kisan, wadda ke cikin dutsen, ba gwal ɗin ba. Amma tambayar ina ƙurar take zuwa bayan an gama tana nan daram. Manyan ƙwayoyi hanta da saifa ke kwashe su, su daɗe a can. Waɗanda ba su kai nanomita 5 ko 6 ba ne ƙoda ke iya tacewa su fita ta fitsari. Wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwajen shekara goma a kan dabbobi ya gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal na abin da aka sa a jijiya ke isa ƙarin. Curi ba zai taɓa gaya min wannan ba, ba shi da jini, ba shi da hanta, ba shi da garkuwar jiki. Amurka ta sassauta dokarta a ƙarshen 2022, ba dole sai an gwada kowane magani a dabba ba, amma a irin aikinmu ban ga yadda za a tsallake ɓera ba tukuna.

Injiniya Kabuga:
To a taƙaice shekara ashirin ana abu babu ko ɗaya da ya kai asibiti?

Bilki Gwammaja:
Akwai wanda ya kai, sai dai ba gwal ba ne. Wani kamfanin Faransa, Nanobiotix, ya yi na hafniyam mai suna NBTXR3. Su ba su bi ta jijiya ba, cikin ƙarin suke tsira allura kai tsaye, sau ɗaya, kafin a fara gashi. Sun gwada a kan mutum 180 masu dajin tsoka da nama mai laushi, kowa aka ba shi Gray 50 a zama 25 cikin sati biyar, sannan aka yi tiyata aka duba ƙarin. A waɗanda aka yi wa allurar, kashi 16 cikin ɗari ne aka tarar kusan babu sauran ƙwayar daji mai rai, a ɗaya rukunin kashi 8. A 2019 ya samu izinin shiga kasuwar Turai don wannan nau'in. Da linak ɗin asibiti aka yi, Malam Fiziks, ba da ƙaramar na'ura ba. Akwai kuma AGuIX na gadoliniyam da aka ƙirƙira a Liyon, ƙanana ne ƙwarai, ta jijiya ake ba da su, suna fita ta ƙoda, kuma ana ganinsu a hoton MRI, ana gwada su a dajin da ya yaɗu zuwa ƙwaƙwalwa.

Injiniya Kabuga:
Daga 8 zuwa 16. Mai talla zai ce an ninka. Ni kuma zan ce mutum 84 cikin ɗari ba su samu hakan ba.

Malam Fiziks:
Duk ku biyun kun faɗi gaskiya. Amma Injiniya, ka lura da abu ɗaya da ya shafi kukanka. Allurar ba ta aiki sai an haska ta. In babu na'ura, ƙura ce kawai a kwance a cikin nama. Don haka ba kishiyar na'ura ba ce, a bayanta take tafiya.

Bilki Gwammaja:
Na yi alkawarin dawowa kan maganarka Yaya. In aka ba ni zaɓi tsakanin linak guda mai aiki kullum a Kano da ɗakin gwajina gaba ɗaya, linak zan ɗauka ba tare da na yi shawara da kowa ba. In aka ƙara min zaɓi, rigakafin HPV da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 zan sa a gaba, don shi yana hana na bakin mahaifa tun kafin ya zo. Amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Yawancin ƙwayoyin da ake gwaji da su a duniya daga jikin Turawa da mutanen gabashin Asiya aka samo su. Alhali matan Afirka ta Yamma sun fi yawan kamuwa da wani nau'in dajin mama mai zafi, wanda ba ya jin maganin homon. Akwai tsarin da ya fi curina kusa da gaskiya, ana kiransa oganoyid, wanda ɗakin gwajin Hans Clevers a Holan ya fara da hanjin ɓera a 2009. Ana ɗaukar ɗan yankin ƙarin mara lafiya da aka cire a tiyata, a raine shi, ya fito da halayen na mai shi. A dajin dubura an riga an nuna cewa yadda oganoyid ya ji gashi yakan yi daidai da yadda mai shi ya ji. Kullum ana cire irin wannan naman a asibitocin garin nan. In ba mu koyi rainonsa da kanmu ba, za a kawo mana maganin da aka auna da jikin wasu.

Ɗalibin Kemistiri:
Anti Bilki, ni ina aji huɗu, furojet ɗina haɗa ƙurar azurfa ne da ganyen zogale. Zan iya gwada ta a kan daji?

Bilki Gwammaja:
Ƙanina, ka san girman ƙwayoyin da ka haɗa?

Ɗalibin Kemistiri:
Ruwan dai ya canja launi ya koma ruwan kasa.

Bilki Gwammaja:
Canjin launi alama ce kawai cewa wani abu ya faru. Kafin ka kusanci ƙwayar daji sai ka san girmansu, ka san ko sun cure da juna in an zuba su a ruwan rainon, ka tabbatar in ka sake haɗawa gobe irinsu za ka samu. Ganyen zogalen rani da na damina ma ba ɗaya ba ne. Kuma azurfa tana kashe ƙwayoyi da kanta ko ba a haska ba, har masu lafiya, don haka sai ka ware wace mutuwar ce ta gashi, wace ce ta guba. Ba ina kashe maka gwiwa ba ne. Ka same ni ta gefe in nuna maka abin da za ka fara aunawa. Curin kansa ba ya cin kuɗi sosai, da agaros, wani abu mai kama da jeli, ake shafe gindin faranti don kada ƙwayoyin su manne. Abin da zai kayar da kai inkubeta ce. In wuta ta ɗauke dare ɗaya, aikin sati uku ya tafi.

Injiniya Kabuga:
Mun dawo kan wuta dai. Sola da batir za su riƙe inkubeta, wannan kam aikina ne. Ki turo min wat nawa take ja.

Maman Walida:
Jama'a na karanta wa Inna abin da Nas Hauwa ta rubuta, da misalin marina. Ta yi shiru, sannan ta ce a tambayi nas ɗin ko mace ce za ta riƙa kwantar da ita, kuma ko za a bar ta da zaninta.

Nas Hauwa:
Ki ce mata ana rufe mutum, wurin da za a haska kaɗai ake buɗewa, kuma ku roƙa tun ranar farko a haɗa ta da ma'aikaciya mace, akan duba in akwai. Za a yi mata 'yan alamomi a fata don saita na'ura, kada ta goge su wajen wanka. Ku tafi da duk takardun gwajin da hotunan, har da sakamakon naman da aka ɗiba. In jininta ya yi ƙasa za a fara ƙara mata, don abin nan na oksijin da Malam ya faɗa. Ki kira ni bayan isha'i in ji ranar da aka ba ku.